Ranar da Na Faɗi Sunan Yaron Inna

Makon jiya jikata Ummi ta dawo daga makaranta idonta ja wur, ta tsaya a ƙofar ɗakina ko sallama babu, ta miƙo mani waya. Wai wata 'yar ajinsu ce ta tura mata, ta ce ashe kakarta ce matar nan da ta ƙi ɗanta bayan 'yan sanda sun harbe shi. Na sa tabarau na duba. Ni ce kuwa, zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu na Tudun Wadar Zariya, fuska a murtuke, ina kawar da kai. Shekaru sun shuɗe, waɗanda suka ɗauki abin ma ƙila sun manta da ni, amma ga shi nan yana ta yawo a wayoyin yaran da a lokacin ko haifarsu ba a yi ba. Haba jama'a! Mutum ya yi shekara talatin da wani abu yana koyar da 'ya'yan mutane a firamare, a ce abin da za a tuna shi da shi ke nan? Shi ya sa na ɗauko biro. Safiya, Bello, ku da 'ya'yanku, kowannenku gutsuren labarin ya sani. Yau zan faɗa maku shi gaba ɗayansa, kuma ba na son a sake tambayata.

Yayanku Yakubu shi ne ɗan farina. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an doke shi ba ta ɗaga kai. Kunya ake kiranta, kuma ba wanda ya ɗauke ta ƙiyayya. Ni tawa ma ninki biyu ce, domin sunan mahaifin babanku Malam aka sa masa, wato sunan surukina, ga shi kuma ranar da aka yaye shi kakarku Inna ta goya shi ta wuce ɗakinta da shi, bai sake kwana a nawa ba. Daga nan ya zama yaron Inna. Haka nake ce masa, haka kowa ya saba ji a bakina. Shi kuma Malama yake kirana, kamar sauran 'yan makaranta. Da ya zo ajina ma bulalarsa ta fi ta kowa, don kada a ce na nuna son kai.

Amma kada ku ɗauka ba mu da hanyarmu. Yana son ƙanzo kamar me. Duk ranar da na tuƙa tuwo sai in kankare tukunya, in zuba a ƙaramin kwano, in rufe da faifai in ɗora a kan katangar madafa, ban ce na wane ne ba. Kafin magariba kwanon ya dawo a wanke. Da ya girma ya koyi ɗinki a shagon wani dattijo a bakin kasuwa, sai na riƙa tarar da hijabaina a kan igiya an kama masu bakin da ya warware, ban ba kowa ba, ba wanda ya ce shi ya yi. Shekara ashirin da uku muna wannan zance ni da shi, ba tare da an buɗe baki ba, kuma mun fahimci juna sarai.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ya ɗauki rigar wani ango zai kai masa Tudun Jukun. A jakarsa akwai rigar, da awo, da almakashi ko da za a rage hannu. A hanya ya tarar samari sun kaure da faɗa bayan wasan ƙwallo. Motar 'yan sanda ta iso, kowa ya watse, aka yi harbi. Yara biyu ne ba su tashi ba: Yakubu, da wani yaro mai suna Bulus da ke dawowa daga darasi. Ba zan rubuta yadda aka karɓo shi daga asibiti ba, ba zan iya ba. An kai shi makwancinsa washegari kafin Juma'a.

A rana ta biyu ta zaman makoki, tsakar gida cike da mata, dangin Malam sun jeru a jikin bango, Inna tana kwance a cinyar ƙanwarta an gaji da yayyafa mata ruwa, sai ga wata yarinya 'yar jarida ta faɗo mana da waya a ɗage, wani saurayi na biye da ita da abin ɗaukar magana. Ba wanda ya yi masu iso. Wata ta nuna mata ni da baki, ta tsuguna a gabana.

“Mama, sannu da haƙuri. Ke ce mahaifiyar mamacin?”

A gaban surukaina! A gaban matar da ta goya shi! Na ce, “Yaron Inna ne. Ga ta can.”

“To me za ki ce game da shi? Wane irin yaro ne?”

Na ce, “Ba ni da abin cewa a kansa.”

Na kawar da kai. Idona a bushe, domin kukana na gama yin sa a banɗaki inda ba mai gani, kamar yadda uwata ta yi, kamar yadda tata uwar ta yi. Matan da ke wurin babu wadda ta ga aibu, wata tsohuwa ma cewa ta yi, “Allah Ya yi miki albarka, 'yar mutunci.” Yarinyar ta leƙa Inna ta ga ba ta cikin hayyacinta, ta tattara ta fita. Iyakar abin da ya faru ke nan, wallahi ko minti biyu ba a yi ba.

Kafin rana ta faɗi Bello ya shigo da waya ya nuna mani. An rubuta a saman hotona wai uwa ta nesanta kanta da ɗan sara-sukan da aka harbe. Ashe tun da safe mai magana da yawun 'yan sanda ya ce an samu makami a jakar ɗaya daga cikin yaran. Makami! Almakashin da nake aro in yanke wa Safiya zaren kitso. To ga makami, ga uwa ta ce ba ta da abin cewa, sai me ya rage? Washegari wani gidan rediyo a garin nan ya buɗe layi a shirinsa na safe, aka ɗora yarona a faifai kamar tumatir a kasuwa, kowa ya zo ya latsa.

Ina zaune ina jin su, domin rediyon Inna ba a kashe shi ko ana makoki. Wani ya bugo daga Dutsen Abba, da muryarsa kamar ya haɗiyi ganga.

“Ni dai abin da zan ce, in uwar da ta haife shi ta ce ba ta da abin cewa, mu su wane ne? Ita ta san abin da ta haifa.”

Wata mata ta ce tarbiyya ce ta lalace, iyaye mata sun tafi aikin gwamnati sun bar yara a titi. Ka ji fa, har aikina ya shigo ciki. Aka kawo wani mai sharhi, wanda duk abin da ya faru a duniya shi ake kira, ko ambaliya ce ko tsadar gero, ya yi ta jero manyan kalmomi a kan matsalar matasa, bai taɓa taka layinmu ba. Kuma kada ku ce masu goyon bayanmu sun fi. Su ma nasu shirmen suka yi. A waya suka riƙa yaɗa hoton wani yaro daban sanye da rigar kammala jami'a, suna cewa shi ne. Wasu Yahuza suke kiransa. Wani matashin ɗan siyasa ya zo ƙofar gida da masu ɗaukar hoto, ya riƙe hannun Malam ya yi fuskar tausayi, da aka sauke kyamara ya tambayi direbansa ko nan ne gidan Kiristan ko na Musulmin. Daga nan zancen ya karkata can: masu cewa don wannan Musulmi ne aka ɓata shi, da masu cewa don wancan Kirista ne aka kashe shi. Kowa da abin da yake so ya sayar, sai ya naɗe shi a likkafanin yarona.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne duk masu bugowar nan Hausawa ne. Ba daga wata ƙasa aka kwaso su ba. Rabinsu iyayensu mata ba su taɓa kiran sunan yayansu ba, sun sani sarai. Mai gabatar da shirin kansa, Lawal, ni na koya masa baƙi da wasali a aji biyu, majina har baki. Ɗan fari ne, na san uwarsa, na san ko a taron biki “wancan” take ce masa. Amma ya zauna yana cewa, “To masu sauraro, kun dai ji abin da mahaifiyar ta faɗa,” yana sake kunna muryata, yana sake kunnawa. Sau nawa na ji kaina ina cewa ba ni da abin cewa a kansa? Har na fara jin tsoron muryata.

Na sami Malam a zaure bayan masu gaisuwa sun ragu, na ce ya kamata a je a gyara maganar nan.

Ya ce, “Hadiza, a bar wa Allah. Mu ba za mu iya da hukuma ba. Kwana nawa ne za su manta.”

Na ce, “Su manta da shi a matsayin ɗan sara-suka?”

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ya sa ɗansa a rami da hannunsa. Inna kuwa da zancen ya kai kunnenta tashi ta yi zaune, ƙarfin da ba ta da shi ya zo mata.

“Rediyo? Ki je ki ce me? Ki buɗe baki a duniya ki ce ɗanki? Ni da na yi ta fama da shi tun yana zawo a zanena, ban mutu ba tukuna. Kunyar da kika riƙe shekara da shekaru kada ki zubar da ita a kan 'yan surutu.”

A nan na gane inda abin yake mata ciwo. Duk duniya Inna ba ta da abin da ta mallaka sai yaron nan. An ɗauke mata shi sau ɗaya da bindiga. In na je na ce ni na haife shi, na sake ɗauke mata shi ke nan, a gaban kowa. Sai na haƙura. Na yi kwana huɗu ina haƙuri, ina tuƙa tuwo, ina kankare ƙanzo in rasa inda zan kai shi.

Ranar addu'ar bakwai wata mata ta yi sallama, doguwa, da ɗankwali baƙi, ba hijabi. Mata suka yi ta kallon juna. Ta ce ita ce mahaifiyar Bulus, ma'aikaciyar jinya ce, gidansu na can bayan makarantar da na koyar. Na shigar da ita ɗaki. Ita ta yi magana da 'yan jarida tun ranar farko, ta kira sunan ɗanta ta yi kuka, kowa ya tausaya, aka ce yaron kirki ne ɗalibi, tsautsayi ne ya haɗa shi da ɓata-gari. Ɓata-garin kuwa nawa ne.

Ta ce, “Malama, ni ban zo gaisuwa kawai ba. Mai lemun da ke wurin ya faɗa mani, tare suka ɓuya a bayan teburinsa, ko sanin juna ba su yi ba. An wanke nawa da dattin da aka shafa wa naki, ni kuma ban yarda ba.”

Na ce, “Maman Bulus, ɗan fari ne.”

Ta ce, “Na sani. Mu ma a gidanmu ana kunyar ɗan fari, kakata har ta rasu ba ta kira sunan babana ba. Ni Allah Ya sa nawa auta ne, shi ya sa bakina ya buɗu. Amma in ba ke ba, wa zai faɗa? Maganarki suka riƙe, maganarki ce za ta kwance shi.”

Ta tafi ta bar ni da wannan. Washegari da safe na yi wanka na sa hijabin da ya kama wa baki na ƙarshe, na tsaya a gaban Malam.

Ya dube ni ya ce, “Ni ban ce ki je ba, ban ce kada ki je ba.”

Amma da na fito ƙofar gida sai na tarar ya riga ni, ya tsayar da mai adaidaita yana yi masa kwatance. Ɗakin Inna ban leƙa ba. Na san in na leƙa ba zan fita ba.

A gidan rediyon mai gadi ya ce sai da izini, na ce ya je ya ce wa Lawal malamarsa ta aji biyu ce. Sai ga shi ya fito da sauri, ƙato da shi, ya zube yana gaisuwa.

Na ce, “Lawal, tun da aka haife ka uwarka ta taɓa kiran sunanka?”

Ya ce, “A'a, Malama.”

“To ta ƙi ka ke nan? Ɗan sara-suka ne kai?”

Ya sunkuyar da kai yana murza hula. “Malama, wallahi ban san ke ba ce sai daga baya. Kuma aikin ne haka, mutane ne ke bugowa, mu ba ma sa masu magana a baki.”

Na ce, “In da wata ce ba ni ba fa? Ita ba uwa ba ce? Tashi ka kai ni inda ake maganar.”

Suka zaunar da ni a wani ɗaki mai sanyi kamar randa, aka ɗora mani wani abu a kunne. Sai da na jira aka gama tallar maganin basir da ta takin zamani, sannan Lawal ya ce ga mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran ta zo da kanta. Ya juyo ya ce, “Malama, ki faɗa wa masu sauraro sunan ɗanki.”

Ni da na yi shekaru ina tsawata wa aji mai yara fiye da kujeru, sai ga harshena ya manne. Ina ganin Inna a raina, na san rediyonta yana kunne a gefen filo. Ina jin uwata a kabari tana cewa ke Hadiza, ba ki da kunya? Lawal ya ɗaga mani hannu alamar lokaci na tafiya. Na rufe ido.

Na ce, “Sunansa Yakubu. Ni na haife shi.”

Da sunan ya fita sai sauran maganganun suka biyo kamar an fasa tulu. Na ce tela ne, almakashin aikinsa ne, angon da zai kai wa riga yana nan da ransa a Tudun Jukun, a je a tambaye shi. Na ce abin da na faɗa ranar makoki kunyar ɗan fari ce, duk wanda uwarsa Bahaushiya ce ya san ta, wanda ya yi kamar bai sani ba Allah Ya isa tsakanina da shi. Na ce yaron kirki ne, yana son ƙanzo, bai taɓa ɗaga mani murya ba. Na sake cewa Yakubu, na kuma sakewa, don na ji daɗinsa a bakina. Ina cikin magana Lawal ya ce za a je talla a dawo.

Kun san abin da ya biyo baya? Wasu sun bugo suna kuka. Wani ya ce a da dai mata na da kunya, yanzu ga tsohuwa ta zo rediyo tana rangaɗa sunan ɗan fari. Wani ya ce 'yan siyasa ne suka turo ni. Jiya na yi shiru an ce na ƙi shi, yau na yi magana an ce ba ni da kunya, to da wanne zan ji? Bayan kwana biyu wani babban mutum ya sauya jam'iyya, shi ke nan, aka kwashe layi aka koma can. An ce an kafa kwamiti, ni da Maman Bulus mun je mun zauna a benci har sau uku, ba mu taɓa ganin ƙarshensa ba. Wanda ya yi harbin ko sunansa ba mu ji ba. Maganata ta rediyo ta bi iska, ba wanda ya adana. Hoton tabarma kuwa ga shi har yau a wayar Ummi.

Da na dawo gida ranar na tarar da Inna zaune a bakin ƙofarta, rediyo a cinya, a kashe. Na tsuguna na gaishe ta.

Ta ce, “To, kin karɓi abinki.”

Ta ja labule. Daga ranar Inna ba ta sake yi mani magana ba sai ta bakin wani: a ce wa Malama kaza, a tambayi Malama kaza. Matar da ta riƙe ni kamar 'yarta tun ina amarya. In na kai mata abinci sai Safiya ta karɓa ta miƙa mata sannan ta ci. Ke Safiya kin sha tambayata me na yi wa Inna, ina ce miki ba komai. To ga abin da na yi mata. Haka muka ci damina muka ci rani, har ciwon ajalinta ya kwantar da ita, jinya ta dawo hannuna don ba wanda zai iya juya ta sai ni. Tana karɓa ba ta cewa komai. Ana jibi za ta rasu, da hantsi, ina gyara mata shimfiɗa, sai na ji ta ce a hankali:

“Uwar Yakubu, ba ni ruwa.”

Na ba ta. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba. A gidanmu wannan ya isa.

Ummi, ki kai wa 'yar ajinku wannan ta karanta, in ta iya karatu. Ke kuma Safiya, na san kina mamakin yadda na daina yi miki faɗa in kina ƙwala wa Ummi kira da sunanta a tsakar gida, alhali 'yar farinki ce. Ki yi ta kira, ki kira har maƙwabta su gaji. Ban ce kunyar iyayenmu banza ce ba, ni na san abin da ke cikinta, na san kwanon da ke kan katanga. Kuma ban yi nadamar zuwa rediyo ba ko da na rana ɗaya. Abin da ke cina guda ɗaya ne. Ranar nan duk Zariya ta ji na kira sunansa, masu shayi sun ji, 'yan adaidaita sun ji, ƙila har wanda ya harbe shi ya ji. Shi kaɗai ne bai ji ba.